Haƙorin Makkar Inna

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ban jin zan manta ranar da na ɗaga murya a asibitin haƙori a kan bakin da ba nawa ba.

Mahaifiyata, Inna, doya take sayarwa a kasuwar Gwada, da ita ta tara kuɗin aikin Hajji. Ta dawo da haƙorin Makka, ɗan rufin gwal a kan haƙorinta na gaba. Bayan wasu shekaru na ƙarƙashin ya ruɓe, fuska ta kumbura, ko kunu da ƙyar take kurɓa. Na ɗauko ta zuwa gidana a Maitumbi, washegari muka je wajen wata likita, 'yar kudancin Kaduna.

Likita ta ɗauki hoto ta ce hanya biyu ce: a cire haƙorin, ko a wanke jijiyarsa, aikin da zai ci tsada da zirga-zirga. Da Turanci muka yi maganar, ni da ita, Inna na gefe da hannu a kunci. Ni kuwa ba ni son ja-in-ja, na ce a cire, na biya nan take.

Aka kwantar da ita, aka yi allura. Tana hango abin cirewa sai ta datse baki gam. Lallashin duniya na yi, ko gezau. Raina ya ɓaci, na juya kan likita na ce to a mayar mini da kuɗina. Ta ce na hoto da allura ba za su dawo ba. Haba! Nan na hau, na ce wannan ai cuta ce da rana tsaka, ita ma ta ce ba a tsakiyar aiki ake sauya magana ba. Har masu jiran layi suka fara leƙe.

Ita ce ta fara saukowa. Ta cire safar hannu, ta jawo kujera kusa da Inna, ta ce da Hausa, "Mama, me kike tsoro? Zafi?"

Inna ta ce, leɓe duk ya yi nauyi, "'Yar nan, na haifi takwas, wane zafi? A Makka aka sa mini shi. Ba zan sake komawa ba, na sani. In kin cire, me ya rage mini na can?"

Likitar ta ce, "Mama, ki yafe mana. Da ke ya kamata mu fara."

Ta yi mata bayani dalla-dalla: za a ɗaga rufin, a gyara jijiya, a mayar da shi idan ya yarda, idan bai yarda ba za ta ba ta shi a hannu. Abin da na biya ya shiga cikin sabon aikin, saura in riƙa kawowa duk ƙarshen wata. Ta tambayi Inna ko ta amince, sai da ta ji "na amince" sannan ta taɓa ta. Allah ya taimaka, rufin ya zauna.

A hanyar gida Inna ta harare ni ta ce, "Ke kika biya, amma bakin nawa ne."

Abin da na koya ke nan. Yanzu in na raka wani wajen likita, kafin in buɗe jaka sai na juya na tambayi mai ciwon, da harshen da yake ji.