Hular Kyari

Ya Aisa ta iso unguwarmu Dogo Nini ne a shekarar da Bama ta watse, ba kaya, ba takalmi, sai allura ɗaya soke a haɓar zaninta. Maigidanmu ya ba ta ɗakin da muke tara gawayi. Na share shi ina mita, don ni ba a shawarce ni ba. Yau ga shi ta fi ni daɗewa a tsakar gidan, ni da nake yawan tafiya Kano.

Mijinta Kyari ya ɓace mata a hanya. Sun fito tare, aka yi harbi, kowa ya kama gabansa. Ba ta ga gawa ba, ba ta ji labari ba. In an tambaye ta ko tana da aure sai ta ce, "Ina da shi, ban san inda yake ba."

Sana'arta ɗinkin hula. Da wata ƙungiyar agaji ta fara raba wa matan gudun hijira zare da yadi, ita aka sa ta koya musu. Suna zama a rumfar makarantar unguwa, wasu daga Gwoza, wasu daga Baga. Ita ce kuma bakinsu. In an kawo zare mai zuba, ko an manta da wata a rabon masara, sai ta ja mayafi ta tafi ofis, ta zauna a bakin ƙofa da Hausarta mai ce wa namiji "ke". Ba ta faɗa, ba ta roƙo, ba ta kuma tashi sai an gyara. Ban taɓa ganin hawayenta ba, dariyarta ma sai dai na tsokano ta da kyar.

Abu ɗaya ne yake ba ni haushi da ita. Ba a zuwa kasuwa da Ya Aisa a dawo da wuri. Duk inda masu wankin hula suka shanya aikinsu sai ta tsaya, ta ɗaga wannan, ta leƙa cikin waccan. Ashe kowace hular da ta yi wa mijinta, takan bar ɗinki uku na koren zare a cikin bakinta, inda ba mai gani. Da ɗaya daga cikinsu a kansa ya fito ranar da suka gudu.

Bara, wata Laraba, ta ɗaga wata tsohuwar hula a rumfar Mala mai wanki, sai ta ƙi ajiyewa.

"Ta wane ne?" ta tambaye shi.

"Ta Malam Hussaini ce, direban motar shanu daga Gadaka. Yanzu zai zo."

Muka zauna a benci har ya zo, dattijo ne mai furfura. Yana ganin hular a hannunta ya tsuguna.

"Baba, kin san mai ita?"

"Ni na ɗinka."

Ya ce tun shekarar da Bama ta watse, a gindin wata tsamiya suka sami mai hular a bakin hanya, rai ya riga ya yi halinsa. Shi da yaran mota suka binne shi. Babu wata shaida a jikinsa sai hular. Shi ya sa ya ɗauka, yake sa ta duk garin da ya shiga ranar kasuwa, ko Allah zai sa wani ya gane.

Ni ce na fashe da kuka a tsakiyar kasuwa. Ita kuwa ta ce, "An yi masa salla?"

"An yi, Baba. Mun fuskantar da shi gabas."

"To. Allah ya biya ki."

Da muka dawo ta aike ni gun limamin unguwa in tambayo mata yadda za ta shiga takaba. Ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, tata ta ƙare tun shekarun baya. Na rasa yadda zan faɗa mata, na dai faɗa.

Ta ce, "Ashe har na fita ban sani ba."

Washegari ta ɗauki zarenta ta tafi rumfa, don akwai sababbin mata da suka zo. Laraba ta zagayo muka je kasuwa. Mun wuce ta gaban Mala, huluna jere a rana, ba ta ko waiwaya ba. Tun kafin azahar muka dawo gida.