Safara'u Mai Feɗe Mushen Kwamfuta

Safara'u 'yar Kawu Lado ce, ƙanin mahaifiyata, saboda haka taubasai muke. Tana cewa ni bawanta ne, ni kuma ina cewa mai tsayinta ba ta isa ta ajiye bawa ba. A gabanta ban taɓa yabonta ba, kuma ba ni da niyya. A bayan idonta kuwa, duk fasinjan da ya shiga motata daga Dutse zuwa Miga sai ya sha labarinta, ko yana so ko ba ya so.

A wata ruga kusa da Miga ta tashi. Kawu Lado yana da wata ɗabi'a da maƙwabta ke yi masa dariya a kanta. In saniya ta mutu ba a kai ga yanka ta ba, ba ya bari a ja mushen a yar sai ya feɗe cikin ya ga abin da ya kashe ta. Ya ce ta mutu ta gama, amma sauran garken suna nan suna kiwo a inda ta yi kiwo. 'Ya'yansa maza gudu suke yi saboda wari. Safara'u ce ke tsugunawa ta riƙe masa ƙafar saniyar, tana leƙe. Da idonta ta ga ranar da ya zaro dunƙulen leda daga tumbin wata karsana, washegari kuma ya hana a bi da shanu ta bayan kasuwa.

Ta yi karatun kwamfuta a nan Dutse, ta samu aiki a wani asibitin kuɗi na wata likita, Dakta Juwairiyya. A wani ɗan ɗaki mai sanyi a bayan wurin karɓar kati akwai babbar kwamfutar da suke kira saba, wadda ke riƙe da bayanan duk marasa lafiya. Safara'u ce mai kula da ita. Ita ce ma ta dame Dakta da magana har aka bar katin takarda aka sayi manhaja daga wani kamfani a Kano. Mutum ya zo ya ɗora babban yatsansa a kan ɗan gilashi, sai bayanansa su fito, babu tone-tonen kwali. Har Miga ake labari cewa 'yar Lado ta mayar da asibiti na yatsa.

Da kaka ta shigo sai abu ya lalace. Manhajar ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki. Takan tashi da kanta, amma duk mutuwar da ta yi sai ta zubar da duk abin da ke cikinta a lokacin a wani ƙaton fayil. Masu aikin suna ce masa core dump, Safara'u kuwa mushe take ce masa. Mushe kan mushe, har faifan ajiyar sabar ya cika taf. Wata safiya aka rasa inda za a rubuta ko sunan mutum ɗaya, layi ya fita har bakin titi, mata masu goyo suna tsaye a rana.

Na kawo wani mara lafiya ranar, don haka a kunnena aka yi. Dakta Juwairiyya ba mai faɗa ba ce, shi ya sa maganarta ta fi zafi.

"Safara'u, na sa a fito da kwalayen kati daga sito," in ji ta. "Ba zan bar mutane a rana saboda na'ura ba. In wata ya ƙare abin nan bai daidaita ba, mun koma takarda. Kin kuma san takarda ba ta buƙatar mai kula da saba."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Mutumin kamfanin ya ce ki goge fayilolin nan duka, ki hana ta sake zubar da su. Ya ce ana yin haka."

"Ana yi, Dakta. Wuri zai samu, amma mutuwar ba za ta daina ba, kuma mun rufe hanyar da za mu san dalili. Ki ba ni dama in buɗe su tukuna."

Dakta ta dube ta, ta ce ta ji, amma kwalayen suna nan a kan tebur.

Ni dai shawarata ita ce ta goge ta huta. Na ce mata aikinta ne a kan siraɗi, ta bar taurin kan Fulani. Ta ce bawa ba ya ba uwargijiyarsa shawara, in je in wanke mota.

Ba ta ce za ta adana fayilolin duka ba, ba mahaukaciya ba ce. Ta zaɓi na farkon da kaɗan daga na baya-bayan nan, ta matse su suka ƙanƙance, ta share sauran, asibiti ya ci gaba da aiki kafin azahar. Ta ware wa mushen wani gefe nasa daban a faifan, ta yi masa iyaka, yadda ko ya cika ba zai taɓa wurin bayanan marasa lafiya ba. Ta saita sabar ta riƙa share tsofaffi da kanta tana barin sababbi. Ta kuma kulle gefen, domin a cikin kowane fayil akwai sunan mutum da ciwonsa. Da kamfanin ya ce ta turo musu su duba, ta ce sirrin mutane ba zai hau hanyar Kano ba, sai dai ta turo musu abin da ta gani.

Sannan ta zauna feɗewa. Na leƙa ta sau da yawa, ban ga komai a allon ba sai layukan rubutu kamar tururuwa. Ita kuwa ta lura duk a wuri guda manhajar ke faɗuwa, daidai lokacin da ta karɓi zanen yatsa. Gilashin ya aiko wa manhajar da hoton yatsa wanda babu zane a jikinsa, ita kuma ba a koya mata abin da za ta yi da irin wannan ba, sai ta faɗi. Safara'u ta duba mutanen da ke gaban tebur a kowace mutuwa. Kusan duka mata ne, daga ƙauyukan Miga da Buji.

Ta kira ni a waya ina tasha. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Misbahu, me Goggo take yi a 'yan kwanakin nan?"

"Me kuwa, ɓarar zoɓo. Tun safe har magariba."

"Je ka duba min babban yatsanta."

Da na isa gida na kama hannun Inna, wadda Safara'u ke ce wa Goggo. Yatsan ya yi jajir, ya yi sulɓi kamar bayan cokali. Tsamin zoɓo da ƙaiƙayinsa sun cinye zanen tas. Shekara da shekaru nake cin abinci daga hannun nan ban taɓa dubawa ba. Waɗanda suka rubuta manhajar sun gwada ta da yatsun 'yan ofis, kuma da rani aka kafa ta, lokacin da hannun kowa ya huta.

Ta rubuta wa kamfanin wurin da abin yake da dalilinsa. In faɗi gaskiya, mutumin bai yi gardama ba, ya yi godiya, suka aiko da gyara. Yanzu in yatsa ya zo babu zane, manhajar za ta nemi a ɗauki hoton fuska. Amma Safara'u ta ce ba ta yarda da gyaran da ba a gwada ba, kuma wata ya kusa ƙarewa. Ta ce in kawo mata Goggo.

Inna ta sha ado kamar mai zuwa biki, ta zauna a gaban mota tana tambayata ko allura za a yi mata. A asibiti Safara'u ta durƙusa ta gaishe ta, ta kai ta gaban tebur. Dakta Juwairiyya ta fito ta tsaya, ta harɗe hannu. Kwalayen katin suna gefenta.

"Goggo, ɗora yatsanki a nan."

"Wannan? Ai babu komai a jikinsa, 'yar nan. Zoɓo ya cinye."

"Shi nake so, Goggo."

Ta ɗora. Ni ne ma na fi kowa tsorata. Allon ya ɗan tsaya, sannan ya nemi hoto. Aka ce Inna ta dubi nan, ta gyara mayafi ta ɗaure fuska, sunanta ya shiga. Safara'u ta ruga ɗakin sabar ta dawo, ta ce babu sabon mushe. Aka sa Inna ta ɗora ta sake ɗorawa har ta fara ƙorafi, na'urar ko gezau.

Dakta ta juya wajen magatakarda ta ce ya mayar da kwalayen sito. Sai ta kama hannun Inna ta juya shi tana duban yatsan.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji ta. "Mun bar irinku a rana."

"Ba komai, likita," Inna ta ce. "'Yar ƙanina ce ai take riƙe muku da na'urar."

Na fita waje na buɗe gaban mota kamar mai duba ruwa, domin idona ya cika kuma ba na son Safara'u ta gani.