Kwanon Malama Saudatu Ya Dawo

Duk mai sayen koko da safe a bakin titin Sabon Gari ya san ta. Bakwai saura za ka hango ta tafe, farin hijabi, jaka a kafaɗa, kwanon silba a hannu. Kowa a layin a leda ake ƙulla masa, koko na tururi, leda na yin laushi tsakanin yatsu. Ita kaɗai ke miƙa kwano. Daga nan sai ta hau mashin zuwa ƙaramin asibitin da take aiki a yankin Ɗankaza, kwanonin da ke jakarta suna ƙara duk ramin da aka faɗa.

Malama Saudatu ke nan, ma'aikaciyar lafiya, wadda ta ajiye aiki a watan jiya bayan shekara talatin da biyar. Awo, rigakafi, karɓar haihuwa in ta zo da gaggawa, duk ta yi. Amma sunan da 'yan acaba suka laƙaba mata shi ne Hajiya Ba-Leda, kuma ba don yabo suka sa ba.

Ba haka ta faro ba. Da bakinta take faɗa: shekara ashirin tana kwashe tuwo da zafinsa a leda, ta jera a kula, 'ya'yanta su ci. Abin da ya juya ta wata yarinya ce, Rahinatu.

Shekara takwas ke nan. Ranar awo, Hansai mai alale daga Lajawa ta ƙi shiga layi. Ta zauna gindin darbejiya har mata suka watse, sannan ta shigo da 'yarta, ta tura ƙofa. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi aiki, sai Malama ta dube ta.

"Hansai, lafiya dai?"

"Malama, duba min ita. Amma don Allah kar kowa ya ji."

Shekarar yarinyar bakwai. Ana tsakiyar bazara, amma riga biyu ce a jikinta. Da Malama ta ɗaga, sai ta tarar an ɗaure ƙirjin da ɗankwali tamau, har ya yi shata a fata.

"Wa ya ɗaure ta haka?"

"Ni ce. Tun damina ƙirji ya fara fitowa. Shekaranjiya kuma ta ga al'ada." Hansai ta jawo yarinyar jikinta. "Ko famfara ba ta gama ba, Malama."

An riga an cire ta daga makaranta. Matan unguwa wasu na cewa sammu ne, wasu na faɗin abin da ya fi wannan muni, a kan yarinyar da har yanzu 'yar tsana take goyawa. Ubanta Halliru ya kai ta wurin masu magani biyu, an sha hayaƙi, an sha jiƙo, babu canji.

Malama ba ta yi dogon bayani ba. Ta kwance ɗankwalin, ta naɗe, ta miƙa wa uwar. Washegari da kanta ta raka su babban asibiti a Kano. Aka yi gwaje-gwaje, aka yi hoto. Likita ya ce ba ƙari ba ne, sinadaran jiki masu tsara girma da balaga ne suka farka tun lokacinsu bai yi ba. Ya ce sau da yawa ba a gano dalili. Sai ya tambayi me take ci, kuma a cikin me. Ya ce a wasu robobi da ledoji da magungunan feshi akwai sinadaran da ke kwaikwayon na jiki su rikita su, kuma zafi da maiƙo suna jawo su cikin abinci. Bai rantse cewa su ne ba. Amma maganar ta tsaya wa Malama a rai.

Ranar Asabar ta sauka a Lajawa ba tare da ta aika ba. Ta tarar da tukunyar alale tana tafasa, ƙulle-ƙullen leda sun cika ta suna juyi a ruwan zafi. Hansai na tsamewa, tana ware waɗanda suka fashe a gefe.

"Waɗannan fa?"

"Ba a sayensu. Na Rahinatu ne, tun yaye take son su. Safe da yamma."

A kusurwa ga jarkar manja, har yanzu da hoton ƙwaro a jikin takardarta. Ta maganin feshin da Halliru ya ƙarar a gona ce.

"An wanke ta fa," in ji Halliru, "da toka da sabulu, sau uku."

Malama ta faɗa musu abin da ke ranta. Hansai ta ajiye ludayi.

"Wato ni na yi wa 'yata? Da hannuna?"

"Ban ce ke ce ba. Ban ma ce ledar ce ba. Cewa na yi ban yarda da ita ba, kuma ni ma da ita na ciyar da nawa."

"Duk ƙasar nan wa ba ya ci a leda? Don me sai tawa?"

"Wannan ban sani ba, Hansai."

Halliru ya ce, "Malama, da girmanki, kin zo ki kashe mana sana'a ne kawai."

Malama ta zaro kwanon silba daga jaka ta ajiye a kan tabarma. "A wannan za a riƙa dafa wa yarinya nata. Aro na ba ki." Jarkar kuma ta ɗauke ta ta tafi da ita. Hansai ta riƙe kwanon, amma daga ranar ta daina gaishe ta. Ko a kasuwa suka haɗu sai ta kau da kai.

Da wata ce, da ta yi zuciya. Malama ba ta yi ba. Shekara uku, duk wata, Halliru yana kawo Rahinatu bakin titi, ita kuma ta ɗauke ta zuwa Kano a yi mata allurar da ke dakatar da abin. Ta je ta zauna a ofishin hedimasta har aka mayar da sunan yarinyar aji biyu. A wani taron suna a Lajawa, mata sun shaida, ta miƙe tsakiyar tsakar gida ta ce, "Ciwo ne, kamar ciwon suga. Duk wadda ke da wata magana ta faɗa a gabana yanzu."

Daga nan aron kwano ya zama aikinta. Ta san mu sarai: ba a mayar wa mutum kwanonsa haka nan, kuma ba a aikawa da shi ba gaisuwa. Duk uwar da ta zo awo sai ta ba ta ɗaya. Su dawo da shi da gyaɗa, ko kuka, ko ƙwai biyu. Ta juye, ta tambayi a me ake zuba wa yara koko, a ina ake ajiye mai, ta sake miƙa musu. Haka kwanon ke tafiya yana dawowa, magana na bin sa.

An yi mata dariya ba kaɗan ba. Maikano mai shayi, da ta tsaya kansa yana tsiyaya shayi mai tafasa a leda, cewa ya yi, "Hajiya, kakata a leda ta sha, ta yi shekara casa'in."

"Kakarka a ƙwarya ta sha, Maikano. Ledar ma ba ta girme ka ba."

Benci ya ɗauki dariya. Maikano ya ƙulla ledarsa ya miƙa.

Malama, ke ce kika kwance ɗankwalin da tsoro ya ɗaura. Ke ce kika iya cewa ban sani ba, a inda wasu za su yi rantsuwa don a ji tsoronsu. Uwar kwanoni, mai aron da ba ya ƙarewa.

Ba zan ce ta ci nasara ba. Ranar walimar ajiye aikinta, abokan aiki sun yi jawabi, an yi addu'a, sai aka shigo da abinci: shinkafa da miya, da zafinsu, a ƙulle a leda, buhu biyu. Ta dube su, ta ce Allah ya yi albarka. Nata yana gabanta har ya huce.

Ana shirin tashi sai ga Hansai a bakin ƙofa, bayanta wata ɗaliba cikin kayan sakandare. Rahinatu ce, shekara goma sha biyar. Ita ce mafi gajarta a ajinsu, don ƙashinta ya daina girma da wuri, kuma likita ya ce tsawon ke nan. Amma tana aji uku, kuma da kanta ta gaida jama'a.

Hansai ta durƙusa ta ajiye kwanon silba, duk ya lotsa.

"Malama, ga kwanonki."

"Shekara takwas, Hansai."

"Ai ba a mayar da shi haka nan. Sai da na sami abin zubawa."

Malama ta buɗe. Alale ne guda huɗu, a naɗe cikin ganyen ayaba. Hansai ta ce bara ta koya, kuma rabin masu saye a wurinta sun gudu, wai ya fi tsada, wai ba ya shiga aljihu. Malama ta ware ɗaya ta ci a gaban kowa. Ta juye sauran, ta miƙa wa Rahinatu kwanon.

"Aro ne," in ji ta.

Mun gode, Malama Saudatu. Allah ya saka miki, ya sa hutun ya zama na lafiya. Mu kuma da ta bari, gobe da safe akwai layin koko, kuma babu gidan da ba shi da kwano. A ɗauka a fita da shi.