Allon da Na Saka wa Kwamfuta

Mahaifina malami ne a unguwar Briqueterie ta Yawunde, kuma yana da wata al'ada da ba mai raba shi da ita: da ya ji kiran salla, zai miƙa hannu ya zare filogin ɗakin karatunsa. Fanka, rediyo, komai ya yi shiru. A ɗakin nake ɗaukar hoton rubuce-rubucen kakanmu da aka taho da su daga Garwa, ina adanawa a kwamfuta, don Baba bai yarda su ƙetare ƙofa ba. Damshin Yawunde ya riga ya ci takardun. Wata sau ɗaya za ka ɗaga ta, a karo na biyu sai dai ka kwashi gari.

Sau biyu Baba ya zare filogi kwamfuta na tsakiyar rubutu, faifan ajiyarta ya hargitse. Shafi bakwai suka tafi, na yi kuka har na gode wa Allah.

Yayana, mai aiki a ofis, ya zo daga unguwar Cité Verte da shawara.

"Ke, c'est simple, abu mai sauƙi ne. Ki ce wa Baba ya daina."

"Yaya, mutum ya shekara arba'in yana abu, sai ya bari saboda na'ura? Ita za ta koyi zama da shi."

Ya yi dariya, ya ce taurin kai zai kashe ni. Raina ya ɓaci.

Na yi yawo a kasuwar Mokolo har na samo ɗan kati na ƙwaƙwalwa, irin wanda ba ya mantuwa ko wuta ta ɗauke. Na saita kwamfutar ta fara rubuta komai a kansa kafin ta taɓa faifai. Kamar allo ne: a rubuta, karatu ya zauna, sannan a wanke.

Ranar da na kai shafin ƙarshe, inda kakanmu ya sa hannu, Yaya na zaune. Na danna adanawa ke nan aka kira azahar. Baba ya miƙa hannu, Yaya ya buɗe baki zai hana shi, na harare shi. Takardar kuwa ta riga ta rabe a yatsuna.

Bayan salla na kunna. Kwamfutar ta duba allonta, wato katin nan, ta ƙarasa abin da ta fara. Baba ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar, ya karanta sunan mahaifinsa a hankali, ya sake karantawa. Har yau bai san an taɓa gardama a kan al'adarsa ba.