Na Ji Hannunka, Na Yi Shiru

Ranar Talata, 14 ga Satumba, 1993, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Bunu Ari, malamin asibitin da na yi wa aiki shekara goma sha ɗaya a ɗakin shan magani na unguwarmu a Haɗeja. Mu na Allah ne, gare Shi za mu koma. Yau kwana tara ke nan, Malam, na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗakinka sai in fito, in na fito sai in koma.

Kai ka koya mana cewa tsoho ba ya faɗin gaskiyar jikinsa. Ko jiya ya faɗi a banɗaki, "lafiya lau" zai ce. Shi ya sa ka shimfiɗa tabarma kusa da teburinka. Duk wanda ya haura sittin, ko tari ne ya kawo shi, sai ka zaunar da shi, ka ce ya tashi, kana kallon ko zai dafa bango. Ka tambaye shi a tsaye yake salla ko a zaune. In kun gaisa kuwa sai ka riƙe hannun: "Matsa mana, Baba, ai ba ƙwai ba ne!"

Haka ka kama Mala masunci. Ciwon ido ya kawo shi, amma ya kasa tashi daga tabarmar. Ka hana shi shiga kwalekwale shi kaɗai, ka kira 'ya'yansa ka wanke su tas, don suna sayar da kifi kaf, tsoho na fama da kunu. Wata biyu Mala yana fushi da kai. Shekaranjiya da ƙafarsa ya zo ta'aziyya, yana ta kuka.

Abin da ke cina shi ne Babbar Sallar bana. Na zo gaishe ka, na ji hannunka a cikin nawa kamar tsumma. Na ga agogonka yana yawo a tsintsiyar hannu, na ga ka dafa bango kafin ka miƙe. Na ce, "Malam, yaya jiki?" Ka ce, "Lafiya lau, Shu'ibu." Wallahi na gane. Kunya ce ta hana ni in ce wa maigidana ya zauna a tabarma.

Da ruwa ya cika fadama, ka hau kwalekwale kai kaɗai za ka duba tsofaffin da ke ƙetaren ruwa. Wajen sauka ƙafa ta gaza, ƙugu ya karye, ba ka sake tashi ba.

Kowa na ce mini kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Jiya yayan mahaifina ya zo karɓar magani, na zaunar da shi a tabarmarka. Ya zage ni tas, ban fasa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Hajiya Binta uwargidan Malam da yara, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Ni kuwa, Malam, ka yafe mini shirun nan.