Malamar Da Ta Ƙi Rufe Wa Yara Baki

Anti Kwalba ake ce mata, tun daga yara har mai gadi, saboda kwalaben roba da take ɗura wa tsakuwa ta liƙe bakinsu ta raba wa ajinta su kaɗa. Ajin nata shi ne na ƙarshen layi, kusa da famfo, na 'yan ƙananan da har yanzu sai an ɓalla musu maɓallin riga. Ba ta yi karatun kiɗa ba. Mahaifinta tela ne, a gindin teburinsa ta tashi tana sauraron keken ɗinki yana gudu yana tsayawa, har kunnenta ya saba da awon sauti.

Ba ta koyar da waƙa a zaune. Da safe za ta tura kujeru jikin bango, ta kife bokiti. In ta buga a hankali, kowa ya zama giwa yana taka ƙasa da nauyi. In ta ƙara sauri, sun koma ɓeraye. In ta ɗaga hannu sai a daskare, wanda ya motsa a yi masa dariya, shi ma ya yi. A haka suka iya sauri da sannu, ƙara da raɗa, ba wanda ya san karatu ake yi.

Rigimar ta taso ne da ranar iyaye ta matso. Shugabar makaranta ta leƙo gwajin waƙar da yara za su rera ranar, ta tsaya bakin ƙofa ta harɗe hannu. A cikin yaran akwai wata da ake kira Gwaggo, don muryarta ta manyan mata ce, ga kauri ga ƙarfi, kuma duk inda waƙa ta nufa ita wani wajen take nufa. Sai dai ba wanda ya kai ta son waƙar. Akwai kuma wasu yara biyu da su ma muryarsu ba ta bin waƙa.

"Anti, zo. Waccan da waɗancan biyun, ki mayar da su layin baya. Su riƙa motsa baki kawai, kada sauti ya fita."

"Ranki ya daɗe, kifaye ne?"

"Ba wasa nake ba. Bidiyo za a ɗauka, kuma ko'ina haka ake yi."

"In na ce wa yarinyar nan ta yi shiru yau, wallahi har ta yi jikoki ba za ta sake buɗe baki a gaban mutane ba."

"To ki zaɓa. Ko su yi shiru, ko na ba wata ajinki."

A gida yayar Anti Kwalba ta ce mata, "Ke dai taurin kan Baba kika kwaso kaf, ba ki rage mana ba. Waƙar da kafin a sha ruwa an gama ta?"

"Yaya, ke za ki je ki kalli idon yarinyar ki gaya mata?"

Yayar ta yi tsaki ta ci gaba da guga.

Ranar da iyaye suka cika rumfa, Anti Kwalba ta jera yaranta, ta kamo hannun Gwaggo ta tsayar da ita a layin gaba, tsakiya, sauran biyun a gefenta. Aka fara. Muryar Gwaggo ta danne ta kowa, ta bar waƙar a baya ta yi gaba abinta. Wasu iyaye suka tuntsire da dariya, wasu suka kalli juna. Yarinyar ta ɗauka murna ake yi, ta ƙara buɗe maƙogwaro. Shugaba tana zaune a kujerar gaba, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Washegari malamai suka taru a kan Anti Kwalba, suna cewa ta je ta ba da haƙuri ko a bar mata ajin. Ta je ofis, ta gaishe da Shugaba cikin ladabi, ta ajiye makullin aji a kan tebur.

"Ba ki da abin cewa?"

"Ina da shi, ranki ya daɗe. In an sake tambayata baɗi, a gaba zan sake tsayar da ita."

Aka ba wata ajin, ita kuma aka mayar da ita bakin ƙofar makaranta, karɓar yara daga hannun iyaye da safe da miƙa su in an tashi. Har yanzu tana can. Ba ta nemi a dawo da ita ba, ba ta kuma janye maganarta ba.