Takin da Ya Gangara Gonar Tela

Shekara ashirin da uku ya yi a cibiyar binciken noma, a wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙara, yana bin sawun naitirojin, sinadarin nan na cikin taki da ke sa ganye ya yi kore. Aikinsa ke nan: idan an zuba buhu kaza a gona, kwamfutarsa ta faɗi nawa shuka za ta sha, nawa zai bi iska, nawa ruwa zai wanke. Abokan aiki suna ce masa Malam Jadawali. Shi da bakinsa yakan ce duk shekarun nan sau ɗaya takalminsa ya taɓa laka, ranar da famfon ofis ya fashe.

Da ya yi ritaya, yayansa ya miƙa masa gonar gado da ke kan tudu, ya ce a zo a nuna musu abin da aka karanta. Ya shuka masara, ta fito. Ranar da jadawali ya ce a sa taki ya sa, sai dai barbaɗawa ya yi bai binne ba, don bayansa ya ƙi sunkuyo. Matarsa ta nuna masa hadarin da ya haɗo. Ya ce mata a lissafinsa da wuya a yi ruwa mai ƙarfi a wannan makon.

Kafin yamma aka kece da ruwa. Yana raɓe a gindin bishiya, yana kallon takinsa yana bin kwari zuwa gonar wani tela da ke ƙasa da tasa.

Bayan mako uku masararsa ta yi ruwan ɗorawa, ta tela kuwa ta yi kore shar. Telan ya zo har gida.

"Malam, tunda ka zama maƙwabcina gonata ta yi albarka. Bana ko tafi ɗaya ban zuba ba."

Ya amsa da amin, ya raka shi ƙofa. Da ya dawo ya shigar wa kwamfuta yawan ruwan da aka yi da gangaren gonar. Ta ba shi asarar daidai yadda ya gan ta da idonsa. Ya kira matarsa da murna ya ce lissafin bai yi ƙarya ba. Ta tambaye shi ko lissafin za ta zuba a tukunya. Ya yi dariya har da tari.

Damina ta huɗu ke nan yana noma. Yanzu a kan ɗan benci yake zama, yana tona rami gefen kowace shuka yana binne takin. Har yau amfanin gonarsa bai kai rabin na yayansa ba.